Daga barga zuwa jami'a: hanyar mai son karatun dawaki da kiwon dabbobi a arewacin Kamaru

Duk shekara idan sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito, zauren gidanmu a Garwa ba ya rabuwa da samari masu neman shawara. Bana wanda ya fi tsaya mini a rai ɗan yayata ne. Yaron a bargar kakansa ya tashi, ya iya ɗaura sirdi tun bai kai tsawon likkafa ba, kuma yana gane ingarman gidan ba shi da lafiya daga yadda ya sunkuyar da kai a turke. Bayan sallar isha'i ya zauna kusa da ni ya ce, "Kawu, ni doki nake so in karanta. A ina ake karatunsa?"

Abin da na gaya masa a daren nan shi nake so in shimfiɗa a nan, don na san irinsa suna da yawa daga Ngawundere har Kuseri, har ƙetaren kogi a Injamena.

A Ingila da Amurka akwai jami'o'in da ke ba da digiri a kan doki shi kaɗai. A wajenmu kuwa ba za ka shiga jami'a ka tarar da ƙofar da aka rubuta wa "dawaki" ba. Doki yana cikin karatun likitan dabbobi da karatun kiwo, kuma rabonsa a ciki kaɗan ne, domin shanu da tumaki da kaji su ne ke ciyar da ƙasa, su aka fi ba lokaci. Don haka ta babbar ƙofar dabbobi za ka shiga, sannan kai da kanka ka gina ƙwarewarka a kan doki, shekara bayan shekara. Ana iyawa, amma sai da shiri.

Fara da sanin aikin da kake so

Ayyuka uku ne mutane ke haɗawa su kira da suna ɗaya, "dokta".

Akwai likitan dabbobi na sosai, wanda ke gano cuta, ya rubuta magani, ya yi fiɗa, ya duba nama a mahauta ya ce wannan a ci, wannan a binne. Karatunsa shekara shida ne bayan bak, kuma yana ƙarewa da kare kundin bincike. Akwai injiniyan kiwo, wanda aikinsa ya fi karkata ga dabba mai lafiya: abincinta, irinta, haihuwarta, makiyayarta, da lissafin riba da faɗuwa. Shi shekara biyar ne, ko uku ga mai tsayawa a matakin farko. Sai kuma ma'aikacin fili, wanda a gaskiya shi makiyayi ya fi sani, don shi ke zuwa ruga da akwatin allurar rigakafi a bayan babur.

Idan abin da ke hana ka barci shi ne dokin da ke birgima saboda ciwon ciki, likitanci ka nufa. Idan kuma burinka ka ga an gyara irin dawakinmu, an san wace goɗiya za a kai wa wane ingarma, an tsara abincin da zai riƙe doki har ƙarshen rani, to kiwo ne naka. Ka yanke wannan tun da wuri, domin jarrabawar shiga kowace makaranta daban take.

Tun kana lise, wato sakandare

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai wannan buri ya ɗauki sashen kimiyya, seri D ko C, ko kuma ga wanda ya bi tsarin Ingilishi, darussan kimiyya a babbar jarrabawar GCE. Ilimin halittu da ilimin sinadarai su ne ginshiƙi. Kada ka raina lissafi, don awon magani lissafi ne: kuskuren ɗigo ɗaya a takarda kan zama allura ninki goma a jikin dabba. Ka kuma kula da makinka na probatuwar, jarrabawar da ake yi shekara guda kafin bak, da na bak ɗin kansa, don takardun makin suna shiga cikin dosiye, wato takardun neman shiga makaranta.

Faransancinka ya zama na rubutu, ba na kasuwa kaɗai ba. Ingilishi ma ka ba shi lokaci, domin yawancin abin da aka rubuta a kan cututtukan doki da shi aka rubuta. Amma ka riƙe Fulatancinka da Hausarka da kyau. A rugagen arewa "puccu" da "nagge", wato doki da saniya, za ka ji, a Cadi kuma Larabcin ƙasar ne ke buɗe bakin makiyayi. A kara da mahauta kuwa Hausa ce ke aiki. Na ga ɗalibai masu ƙwazo da suka tsaya a gaban garke kamar baƙi, saboda ba su iya tambayar mai shanu yaushe saniyar ta daina tuƙa ba.

'Yan mata ma suna wannan karatu, kuma suna fita da sakamako mai kyau. Iyaye su sani cewa akwai aikin ɗakin gwaji, da koyarwa, da duba lafiyar abinci, ba dole sai an yi kokawa da bijimi ba.

Makarantun

Mafi kusa da mu ga mai son likitanci ita ce makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ngawundere, wadda ake kira ESMV, a harabar Dang, kimanin kilomita 15 daga cikin gari. Zamanta a Adamawa alheri ne, don can ne gidan shanun Gudali, kuma cibiyar binciken kiwo ta IRAD da ke Wakwa tana nan kusa. Jami'ar Buea ma tana da tsangayar noma da likitancin dabbobi, da Ingilishi ake koyarwa.

Ga mai son injiniyancin kiwo, tsohuwar hanya ita ce FASA, tsangayar noma ta Jami'ar Dschang a yammacin ƙasar, inda ake zaɓar fannin dabbobi bayan an yi karatun noma na bai ɗaya. A Marwa kuma babbar makarantar fasaha ta jami'ar tana da sashen noma da kiwo, kuma karatunta ya fi fuskantar matsalolin Sahel: ƙarancin ruwa, ƙarancin ciyawa, da zafi. Wanda ke son ya fita fili da wuri, ko wanda konkur, wato jarrabawar shiga jami'a, bai yi masa ba, ya nemi cibiyoyin CNFZV na ma'aikatar kiwo, waɗanda ke Marwa da Fumban da Jakiri. Kada kowa ya ɗauki wannan a matsayin faɗuwa. Akwai waɗanda suka fara daga nan, suka yi aiki, suka koma jami'a da hannun da ya riga ya saba da dabba.

A Cadi akwai makarantar koyon dabarun kiwo ta ENATE a Injamena, da babbar makarantar kiwo ta Musoro, da sashen kiwo a babbar makarantar kimiyya da fasaha ta Abeshe. Sannan ga makarantar EISMV ta Dakar, wadda aka kafa a 1968, mallakar ƙasashe da dama ciki har da Kamaru da Cadi da Nijar. Likitocinmu na farko da yawa can suka fito. Mai Ingilishi kuma yana iya duban Najeriya, Zariya ko Maiduguri ko Sakkwato, amma ya fara tambayar yadda za a daidaita takardarsa idan ya dawo gida, kafin ya biya ko sisi.

Konkur

Waɗannan makarantu ba a shigarsu da takardar bak kawai, sai an ci konkur, kuma gurabe kaɗan ne. Ma'aikatar da ke kula da makarantar ce ke fitar da sanarwa, a ciki ake faɗin ranar rufe karɓar dosiye, da kuɗin jarrabawa, da iyakar shekaru, da garuruwan da za a zauna. Ka nemi sanarwar ta bana ka karanta da idonka. Kada ka dogara da abin da wani ya tuna daga bara.

Takardun da aka saba nema ka fara haɗa su tun kafin sanarwar: kwafin takardar haihuwa da hukuma ta buga wa hatimi, takardun makin probatuwar da bak, takardar likita, ƙananan hotuna, da rasidin biya. Abu ɗaya da ke kayar da yaranmu shi ne bambancin rubutun suna. A takardar haihuwa an rubuta sunan da salo ɗaya, a takardar makaranta da wani salon, ko ranar haihuwa ta sha bamban. Gyaran wannan yana cin makonni, wani lokaci har kotu. Ka jera takardunka a kan tabarma yau ɗin nan, ka bi su harafi harafi.

Wajen shiri, ka nemi tambayoyin shekarun baya daga ɗaliban da suka riga ka, ka zauna da agogo kana amsawa. Ku haɗu ku uku ko huɗu, kowa ya koya wa sauran babin da ya fi ganewa. Ka shiga konkur fiye da ɗaya idan aljihu ya ɗauka. Kuma ka yi rajista a tsangayar kimiyya, fannin halittun dabbobi, don kada shekara ta tafi a banza idan ba a dace ba. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya saya maka gurbi, ka kama gabanka.

Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnatin Kamaru sefa 50,000 ne a shekara a tsarin da aka saba, amma ba shi ne nauyin ba. Nauyin yana ga ɗaki, da abinci, da kwafin darussa, da farar riga da takalmin roba, da kuɗin mota zuwa wuraren koyon aiki. Ku zauna da mahaifinka ko wanda zai ɗauki nauyinka ku yi lissafin shekarun gaba ɗaya, ba na farko kawai ba. Ɗan Garwa ko Marwa kuma ya tafi da bargo, sanyin Ngawundere ba irin namu ba ne.

Cikin aji, da yadda za ka shigar da doki

Shekarun farko za su gwada haƙurinka. Sinadarai, ƙwayoyin halitta, ƙasusuwa da jijiyoyi da sunayensu na Latin, lissafin ƙididdiga. Sai ka yi wata da watanni ba ka taɓa dabba mai rai ba. Daga baya ake shiga abinci da kiwo, da ƙwayoyin cuta, da tsutsotsi da kaska, da magunguna, sannan asibiti da fiɗa ga masu likitanci.

Dabarar ita ce ka sayi littafin rubutu guda ka ware shi ga doki da jaki. Duk darasin da malam ya yi a kan saniya, ka tambayi kanka, ka tambaye shi, ka bincika: to a doki fa? Amsar takan bambanta fiye da yadda kake zato.

Ɗauki ciki misali. Saniya tana da tumbi mai ɗaki huɗu, tana haɗiyewa ta dawo da shi ta tuƙa. Doki cikinsa ɗaya ne, ƙarami, bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, kuma can baya a babban hanji yake narkar da ciyawa. Ba ya iya amai. An halicce shi ya yi ta tsinkar ciyawa kaɗan kaɗan yini guda. Saboda haka idan aka cika masa ƙwarya da dawa ko gero lokaci ɗaya, musamman gab da hawan sallah don a ga ya yi ƙiba da sheƙi, ana jawo masa ciwon ciki ko kumburin cikin kofato. Doki yana cin busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa a rana, kuma mafi yawansa ya zama ciyawa da harawa. Hatsi da dusa ƙari ne, a raba su sau biyu ko uku. Ruwa kuwa yana iya shan lita 20 zuwa 50, a watannin Maris da Afrilu ma ya fi haka idan yana aiki.

Magani ma haka. Wannan na koye shi da ɗaci. Ina shekara ta biyu na zo hutu, maƙwabcinmu yana da wani akawal da kaska ta dama. Ya sayo maganin wankan shanu a kasuwa, mai sinadarin amitraz, ya kira ni don ni ne "ɗan makaranta". Na karanta awon ruwan a jikin kwalbar, na tayashi haɗawa, muka wanke dokin. Washegari ya tsaya kai a ƙasa kamar mai gyangyaɗi, ya daina kashi, cikinsa ya yi tsit ko ƙugi babu. A kwana na uku ya mutu. Sai da na koma makaranta na gano cewa wannan sinadari, da shanu ke jurewa, yana tsayar da hanjin doki. Har yau idan na tuna Alhajin yana shafa gezar dokin yana cewa "Allah ya ƙaddara, ɗana, ba laifinka," sai ƙirjina ya yi nauyi. Ka rubuta wannan a shafin farko na littafinka, ka ƙara da monensin da ake sa wa a wasu abincin kaji da na shanu, wanda kaɗan daga cikinsa ke lalata zuciyar doki.

Duk hutu ka koma barga da tsinken awon zafi. Ka tsaya a gefen ƙugun dokin, ba a bayansa ba, ka ɗaga wutsiya a hankali. Zafin lafiyayyen doki 37.5 zuwa 38.5 ne. Ka sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙi inda jijiya ke ratsa ƙashi, ka ƙirga bugun daƙiƙa 15 ka ninka huɗu: 28 zuwa 44 a minti idan yana hutawa. Numfashi 8 zuwa 16. Ka ɗaga leɓe ka danna dasashi da yatsa, jan ya dawo kafin daƙiƙa biyu. Ka kara kunne a kwiɓi ka saurari ƙugin hanji. Ka yi wannan ga dawaki masu lafiya sau ɗari, ta yadda ranar da ka taɓa marar lafiya hannunka zai gaya maka kafin littafi.

Ka koyi ƙiyasta nauyi da igiyar awon tela, tunda ba mu da sikelin doki. Ka auna zagayen ƙirji ta inda majayi ke bi, ka auna tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. Zagaye sau zagaye sau tsawo, a raba da 11,877. Dokin da zagayensa 160, tsawonsa 150, zai kai kilo 323 ko kusa. Da wannan kake auna maganin tsutsa da abinci. Ka koyi karanta shekaru a haƙora, abin da dillalan dawaki suka iya tun kafin a gina jami'a. Ka zauna da tsofaffin barga da ladabi, ka gaishe su, ka riƙe musu ragama. Sun san abubuwa da yawa. Hayaƙin da suke turawa a barga da magariba a ƙarshen damina, misali, yana korar ƙananan ƙwarin nan masu cizo da almuru da asuba, waɗanda su ne ke ɗauke da annobar dawaki, cutar da ke kumbura saman idanu, ta cika huhu da ruwa har kumfa ta fito ta hanci, ta kashe mafi yawan dawakin da ta kama. Akwai kuma abin da za ka gani wanda karatu zai nuna maka illa ce, kamar lalas da wuta a kan kowace kumbura, ko linzami mai kaifi da ke yanka harshe. Wannan ba a gyara shi da ɗaga murya. Sai sun yarda da kai tukuna.

Sitaj

A nan ne za ka bambanta da abokan ajinka. Kowace makaranta tana tura ɗalibai koyon aiki, wato sitaj, kuma sau da yawa ɗalibi ne ke nemo wurin. Ka rubuta takardar neman tun watanni kafin hutu, ka kai da ƙafarka.

Ka yi sitaj ɗaya a ɗakin gwaji. LANAVET da ke Bokle a bakin Garwa tana yin alluran rigakafin dabbobi tana kuma gwajin cututtuka, a Injamena kuma akwai IRED, tsohon ɗakin gwajin Farsha. A irin waɗannan wurare za ka ga ƙwayar sammore tana motsi a ɗigon jini. Ka yi ɗaya a ƙaramar cibiyar kiwo ta karkara lokacin rigakafi, ka bi ma'aikata kasuwannin shanu irin na Adumri da Bogo. Ka yi ɗaya a mahauta, ka saba da ganin huhu mai lafiya da marar lafiya. Sannan ka nemi izini a fadar wani lamido, ta hannun mai kula da barga, ka yi ko da makonni uku kana shara da ba da ruwa da duba kofato. Fadodin arewa, irin su Demsa da Rai Buba da Garwa, su ne suka riƙe dawaki da al'adar hawa har yau.

Kada ka manta da dokin amalanke da jakin ɗiban ruwa. Ba su da kwalliya, amma su ne ke ciyar da gidaje, kuma su suka fi fama da gyambon baya, da sarƙe-haƙora bayan ƙusa ta soki kofato, da lamfanjit, wato ƙurajen nan da ke jeruwa a ƙafa kamar carbi suna fashewa. A 2019 murar dawaki ta kashe jakuna masu ɗimbin yawa a Afirka ta Yamma, a 2024 kuma Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fatarsu. Mai ilimin jaki yana da aiki a gabansa.

Kundin ƙarshe da abin da ke biye

Taken kundinka shi ne katin shaidarka. Ka fara neman malamin da zai yarda ya duba aiki a kan dawaki tun shekara guda kafin lokaci, ka je masa da tambaya ƙarama wadda kuɗinka da lokacinka za su iya amsawa. Waɗanne tsutsotsi ke cikin dawakin amalanke a gari ɗaya? Me ake ciyar da dawakin fada a rani, kuma yana isarsu? Lissafin nauyin da na kawo a sama a kan dawakin ƙasashen waje aka gina shi, shin ya dace da namu? Ga kuma ƙurun Logon, gajeren dokin Musai da ake kiwo a ɓangarorin biyu na iyakar Kamaru da Cadi, wanda aka san shi da jure zama inda ƙudan tsando yake. Mai jin harshen yankin zai yi aiki mai daraja a kansa.

Bayan kammalawa, likita ya yi rajista da ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasa kafin ya buɗe wurin kansa. Aikin gwamnati yana nan amma ba ya isar kowa. Akwai gonakin kiwo, da masu haɗa abincin dabbobi, da ƙungiyoyin raya karkara, da bincike da koyarwa ga wanda ya ci gaba zuwa masta da dokta. Gaskiyar da na gaya wa ɗan yayata ita ce, a farko doki shi kaɗai ba zai riƙe maka gida ba. Shanu da kaji da ragunan layya ne za su biya haya, doki kuma ya zama abin da ake kiranka dominsa daga gari zuwa gari.

Yaron ya zaɓi konkur biyu, na Ngawundere da na Marwa. Da muka jera takardunsa a tabarma muka tarar an rubuta sunan mahaifinsa iri biyu, don haka ranar Litinin da sassafe za mu fara da ofishin magajin gari.